Kemo mai haɗi uku a kansar baki: wa za a ɗaura wa, wa za a ƙyale?

Dakta Nasiru, Kubwa: Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata kan kansar baki ce, ta harshe da dasashi da cikin kunci. A wajen kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, wani mara lafiya za ka ga an rubuta masa haɗi uku da ake kira TPF, wani sisplatin kaɗai tare da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, wani kuma kaboplatin da paklitaksel. Ciwo ɗaya, tsari uku. Da wane ma'auni ake zaɓa? Kuma ashe ba haɗi uku ne ya fi ƙarfi ba, me zai hana a ba kowa shi?

Dakta Bilkisu, tiyatar baki da muƙamuƙi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a shiga lissafin magani, a fara gyara tambayar. Kansar da ta fito a cikin baki, fiye da kashi 90 cikin 100 daga fatar da ta lulluɓe cikin bakin take tasowa, kuma in dai ana iya cire ta, tiyata ce kan gaba. A yanke ta da tazarar lafiyayyar tsoka a kewaye, a kwashe kaluluwar wuya, sannan ɗakin gwaji ya faɗi abin da ya gani. In sakamako ya nuna wuƙa ta bi ta cikin ciwon, wato an bar saura a gefe, ko kansar ta fasa fatar kaluluwa ta fito, nan ne ake haɗa gashi da sisplatin. Manyan bincike biyu da suka fito a 2004, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, su suka tsayar da wannan. Kemo shi kaɗai, ko haɗi nawa ne, ba ya warkar da kansar baki. Yana motsar da ita, wani lokaci sosai, amma in aka tsaya nan za ta dawo.

Kuma don Allah a riƙa yi wa dangi bayani tun ranar farko, saboda maganar nan ta "in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu" ita ke sa mutane su roƙi a yi musu ƙarin ruwan kemo kawai. Su ga kumburin ya saɓe bayan zagaye biyu, su tafi gida, sai bayan watanni su dawo baki ba ya buɗuwa.

Dakta Kabiru, sashen kansa: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ga yadda TPF ɗin yake, tunda shi aka tambaya. Magani uku ne: dosetaksel, sisplatin da 5-FU. Tsari biyu aka sani, duka daga binciken da aka wallafa a 2007. Na Turai, TAX 323: dosetaksel 75 mg/m², wato miligiram 75 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, da sisplatin 75 mg/m² a rana ta farko, sai 5-FU 750 mg/m² kowace rana yana ɗiga ba tsayawa har kwana 5. Na Amurka, TAX 324: dosetaksel 75, sisplatin 100, 5-FU 1000 kullum na kwana 4. Ana maimaitawa duk bayan mako 3. A binciken biyu haɗi uku ya fi haɗi biyu na sisplatin da 5-FU, wannan gaskiya ne. Sai dai a lura da abin da aka gwada: kemo da kemo aka kara, a cikin kansar kai da wuya gaba ɗaya, har da ta maƙogwaro. Da aka ɗauki kansar baki zalla wadda ake iya yi wa tiyata, a Shanghai, aka ba rabin mutane TPF kafin aiki aka wuce da rabi ɗakin tiyata kai tsaye, sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna ƙarin tsawon rai ba.

To ina gurbinsa? Wanda ciwonsa ya tsaya a kan iyaka, likitan tiyata ya duba hoto ya ce a yau ba zai samu tazara mai tsabta ba, amma in ya ja baya kaɗan zai iya. Asibitin Tata Memorial na Mumbai, inda kansar kunci ta yi yawa saboda tauna taba, sun yi aiki mai yawa a kan irin waɗannan, kuma wani kaso daga cikinsu kan koma waɗanda ake iya yi wa aiki bayan zagaye 2. Shi ma sai mai ƙarfi a jika, wanda ke tashi ya yi hidimarsa, ƙodarsa da hantarsa lafiya.

Dakta Nasiru: Na gode ranka ya daɗe. To in layin tiyata ya yi tsawo fa, ko ba a samu gurbi a na'urar gashi ba? Ba gara a riƙe ciwon da kemo ba kafin lokaci ya zo?

Dakta Kabiru: Ana yi, kuma ba zan ce haramun ne ba. Wanda za a ce ya jira wata biyu ba komai, ciwon ba jira zai yi ba. Sharaɗina ɗaya: a rubuta ranar da za a sake duba shi, bayan zagaye na biyu, kuma sunansa ya riga ya shiga layi.

Dakta Bilkisu: A nan muka rabu, Dakta. Zagaye biyun nan su ke zama huɗu, huɗu su zama shida. Kuɗin da dangi suka haɗa don tiyata ya tafi a magani da gwaje-gwaje, mara lafiya ya zube, sinadarin furotin na jininsa ya yi ƙasa, sannan a kawo shi a ce a yanka. Ɗinki a jikin da ya rame haka ba ya kamawa. Sannan ko ƙarin ya motse, iyakar da za a yanka ta farko ce ake bi, don ba a tsakiya ɗaya yake taruwa ba in yana ja da baya, yakan bar tsibirai a baya. In ciwon na ciruwa yau, ƙoƙarin da za a yi na neman gurbin tiyata ne, ko da a wani asibitin.

Dakta Kabiru: Kan wanda ake iya cire wa yau ba mu da saɓani. Wanda ba shi da wata ƙofa nake magana a kai.

Malam Aliyu, famasi: Bari in sa baki ta ɓangaren lissafi, don a nan ake yin ɓarna shiru. Alluran nan da faɗin jiki ake auna su: tsawo a santimita sau nauyi a kilo, a raba da 3600, a ɗauki tushen murabba'i. Mai tsawo 165 da kilo 55 zai ba da 1.59, sisplatin 75 ya zama kusan 119 mg. Mai kansar baki kuwa ba ya cin abinci, kafin zagaye na biyu yana iya komawa kilo 48. In aka kwafi adadin farko, an ba shi fiye da ƙima. A ɗora shi a sikeli kowane zagaye, kar a tambaye shi nauyinsa da baki, in canjin ya kai kashi 10 cikin 100 a sake lissafi.

Na biyu ƙoda. Takarda ta nuna kiriyatinin, sinadarin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, 1.1 mg/dL, kowa ya ce lafiya lau. A lissafa tukuna: 140 a cire shekaru, sau nauyi, a raba da 72 sau kiriyatinin. Ɗan shekara 60 mai kilo 48 zai ba da wajen 48 ml a minti, mace kuma a ninka da 0.85, ta sauka wajen 41. Sisplatin cikakke yana son 60 zuwa sama. Ramamme ba shi da tsokar da za ta ɗaga kiriyatinin, shi ya sa lambar ke ruɗi. Irin wannan kaboplatin ake koma masa, shi kuma lissafinsa daban: AUC, wato lambar da likita ke zaɓa ta yawan maganin da ake so a jini, sau aikin ƙoda da aka ƙara wa 25. AUC 5 a kan 48 zai ba da 365 mg.

Wajen haɗawa kuma, sisplatin a ruwan gishiri ake zuba shi, ba a ruwan sukari zalla ba, don sai da kuloraid yake zama daram. Ba a sa shi a firji, yana ƙanƙara ya kwanta a ƙasan kwalba. Dosetaksel shi ke fara shiga, awa 1, kuma in bilirubin, sinadarin da ake dubawa a gwajin hanta, ya haura ƙa'ida ba a ba da shi.

Sista Rifkatu, ɗakin kemo: Malam Aliyu ya gama da takarda, ga na bakin gado. Kafin sisplatin, lita 1 zuwa 2 na ruwan gishiri, da maganiziyom da fotasiyom yadda likita ya rubuta, bayansa ma a ƙara ruwa. Ba a ɗaura shi sai an ga fitsari na fita sosai, ana son ya kai 100 ml a awa, kuma a auna a mazubi mai lamba, kar a tsaya ga "na yi fitsari, Sista". Bayan an koma gida a ci gaba da shan lita 2 zuwa 3 a rana na wasu kwanaki. Kun san zafin Abuja a watan Maris da Afrilu, mutum ya fito daga asibiti ya kwashe awa biyu a cunkoson Nyanya zuwa Mararaba, yana amai, bakinsa na ciwo bai iya sha ba. Kwana uku ƙoda ta tsaya. Haka maganar azumi, na Ramadan ne ko na coci: makon sisplatin ba makon azumi ba ne, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. A faɗa masa a gaban dangi don kar kunya ta sa ya ɗauka.

Amai kuwa riga shi ake yi. Ondansetiron da deksametason kafin a fara, a haɗa da afrefitan 125 mg ranar farko, 80 mg rana ta biyu da ta uku, in aljihu ya ɗauka. In bai ɗauka ba, olanzafin 5 mg da dare na kwana 4 yana da araha kuma yana aiki, sai dai yana sa barci. Aman sisplatin ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, lokacin da mutum yana gida, saboda haka kar a sallame shi hannu rabbana. Deksametason na dosetaksel, 8 mg safe da yamma na kwana 3, tun jajibiri ake farawa, shi ke rage kumburin jiki da borin jini. Mai ciwon sukari a bi sukarinsa a kwanakin nan, zai hau.

Abin da ya fi ba ni tsoro 5-FU ne in babu famfon da ke sarrafa ɗigo. Lita 1 a awa 24, da layin da ke ba da ɗigo 20 a kowane ml, ɗigo 14 ne a minti. Ɗan jinya ya ga ruwa na tafiyar hawainiya, dare ya yi, ya murɗa ɗan tayan nan don ya ƙare da wuri. Maganin yini guda ya shige a awa biyu, wannan kuwa yana iya kisa. Gara a raba na kowace rana jaka biyu ta awa 12, a manna filasta a jikin jakar a ja layin inda ruwa ya kamata ya kai duk bayan awa 2, a kuma ja kunnen masu jinya da kakkausar murya. In mara lafiya ya ce ƙirjinsa ya ɗaure yana kan 5-FU, a rufe layin nan take a kira likita, maganin na iya shaƙe jijiyoyin zuciya.

Dakta Nasiru: Anti Rifkatu, zazzaɓin da ke zuwa bayan an koma gida fa? Mu ne muke fara ganinsu a asibitocin unguwa.

Dakta Kabiru: Wannan shi ke kashe mutane a TPF, ƙanena, ka riƙe shi da kyau. Fararen ƙwayoyin jini suna faɗuwa ƙasa warwas tsakanin rana ta 7 da ta 14, da dosetaksel ma tun wajen rana ta 7. Zafin jiki 38.3 sau ɗaya, ko 38.0 da ya tsaya awa guda, a wannan tsakanin, ka ɗauke shi a matsayin cuta ta shiga jini har sai gwaji ya ƙaryata. A ɗebi jini, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai faɗi ta jijiya cikin awa 1, kar a jira sakamako. A yi gwajin maleriya a lokaci guda, amma ko ya nuna akwai, kar a tsaya a kansa. Abin da aka saba shi ne a tsaya kemis a karɓi maganin maleriya da farasitamol, zafi ya sauka, a kwana biyu, a kawo mutum jini ya faɗi. Shi ya sa mai TPF ke buƙatar ma'aunin zafi a gida da lambar da zai kira tsakar dare. Ana kuma ba da sipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga rana ta 5 zuwa ta 15, da allurar filgirastim mai tayar da ɓargo, wadda ake farawa bayan an sauke kemo da awa 24. Zagaye na gaba ba ya tafiya sai nutrofil, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, sun kai 1,500, ƙwayoyin daskarar da jini 100,000.

Ka kiyayi jentamaisin da daiklofenak da ibufurofen ga wanda ya sha sisplatin, ƙoda da kunne suke ƙarasawa. In ya ce kunnensa na ƙara ko yatsunsa sun mutu, a sanar da mu kafin zagaye na gaba, ji in ya tafi ba ya dawowa. Sannan gwajin ciwon hanta nau'in B da HIV kafin a fara wajibi ne a ƙasar nan. Mai ɗauke da nau'in B kemo na iya tayar masa da shi, a fara masa entekabir ko tenofobir tun kafin. Mai shan maganin HIV da ke da ritonabir, dosetaksel na taruwa a jininsa, sai an zauna da likitansa.

Wanda gidansa ke da nisa da asibiti, ba mai kula da shi da dare, ba kuɗin filgirastim, ni ba zan ba shi haɗi uku ba. Kaboplatin da paklitaksel da ya kammala ya fi masa TPF da ya kwantar da shi a zagayen farko.

Malam Danladi, sashen gashi: Ranku ya daɗe, a bar ni in yi ƙorafin sashenmu. Bayan tiyata ana son a fara gashi cikin mako 6, Gy 60 zuwa 66 (Gy shi ne ma'aunin yawan gashi), Litinin zuwa Juma'a, mako 6 zuwa 6 da rabi. In ba a yi tiyata ba, Gy 70 a zama 35. Na'urorin ƙasar nan ƙidayayyu ne, Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja na karɓar mutane daga jihohi da dama, don haka ranar da aka sa ranar tiyata a nemi gurbin gashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haƙoran da suka ruɓe a cire su aƙalla kwana 10 zuwa 14 kafin a fara, don in aka cire bayan gashi ƙashin muƙamuƙi na iya mutuwa ya ƙi warkewa.

Sisplatin da ke tafiya da gashi, tsarin asali 100 mg/m² ne a rana ta 1, ta 22 da ta 43. Da yawa ba sa kai na uku. Abin da ake nema jimilla ta kai 200. Wanda ya riga ya sha zagaye 3 na TPF ya sha sisplatin 225 zuwa 300 tun kafin ya zo mana, ƙodarsa ta gaji, sai a rasa abin da za a haɗa masa da gashin, alhali wannan haɗin shi ne mai hujja mafi ƙarfi. A sa wannan a sikeli tun farko.

Dakta Nasiru: Na mako-mako fa, Malam? Na ga ana rubuta 30, ana rubuta 40.

Malam Danladi: 40 mg/m². An gwada 30 a Mumbai, sakamakon 2018 ya nuna bai kai na mako uku-uku hana ciwon dawowa a wurinsa ba. Binciken Japan na 2022 a kan waɗanda aka yi wa tiyata ya nuna 40 bai gaza 100 ba, kuma ya fi sauƙi ga ƙoda da kunne. Zama 5 na 40 ya kai ka 200.

Hajiya Saudatu, sashen abinci: Duk wannan lissafi in mutum bai ci ba, a banza. 5-FU na sa gyambon baki, gashi na sa nasa, a bakin da dama ciwo ke ciki. Kuskurar baki sau 4 zuwa 6 a rana da ruwan ɗumi lita 1, ƙaramin cokali na gishiri da ɗaya na bekin soda. Ban ce kanwa ba, don Allah, kanwa ƙona wurin take yi. Ban da ruwan wankin baki mai barasa, ban da yaji, lemun tsami, tsamiya da goro, taba da garinta da ake cusawa a kunci kuwa sai a bar su gaba ɗaya. Farin abu kamar kindirmo a kan harshe fungus ne, a nuna wa likita ya rubuta magani.

Koko tsararo ba abinci ba ne ga mai kemo, ruwa ne da ɗan gari. Kunun gyaɗa mai kauri da madara, a dama garin waken suya a ciki, dafaffen ƙwai a murje, alala mai laushi, miyar kuka ko kuɓewa da kifi a niƙa su tare, a ɗiga mai a kai. Kaɗan-kaɗan sau 6 zuwa 8. Ana neman furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo a rana, mai kilo 50 ke nan giram 60 zuwa 75, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. In ciwo ya hana haɗiya, a ba da ruwan mofin minti 30 kafin abinci, in nauyi na ci gaba da zubewa a sa robar hanci ta ba da abinci da wuri. Dangi na ganin robar nan kamar alamar ƙarshe ce, sai an zauna an nuna musu ita ce za ta kai shi ƙarshen gashin.

Dakta Nasiru: Saura wanda ciwon ya dawo masa, ko ya bazu zuwa huhu.

Dakta Kabiru: Nan manufa ta koma rage wahala da ƙara kwanaki, kuma a gaya wa dangi haka kafin su sayar da gona. Tsarin EXTREME na 2008, sisplatin ko kaboplatin da 5-FU da setuksimab, ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 7.4 zuwa 10.1. Daga 2019 fembirolizumab ya shigo, 200 mg duk mako 3, shi kaɗai ko tare da kemo. Duka biyun tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet ya fara. Abin da ya fi kusa da aljihun mutanenmu shi ne haɗin ƙwayoyi na Tata Memorial: metotireksat 15 mg/m² sau ɗaya a mako, da selekoksib 200 mg safe da yamma. A binciken da suka fitar a 2020 ya ba da wata 7.5, allurar sisplatin ta ba da 6.1, kuma da ƙarancin wahala. A gida ake sha, jini dai a riƙa dubawa.

Malam Aliyu: Yallaɓai, a ƙara jan layi a ƙarƙashin "sau ɗaya a mako". Ƙwayar metotireksat 2.5 mg ce, mai faɗin jiki 1.6 zai sha wajen ƙwaya 10 a rana guda, sannan ya huta kwana 6. Wanda ya ɗauka kullum ne, cikin mako guda baki da hanji sun saluɓe, ɓargo ya mutu. A rubuta sunan ranar a jikin ambulan da Hausa, da boko ko da ajami, wanda mai jinyar ke karantawa, kuma kar a ba da na fiye da mako 2 ko 3 a lokaci ɗaya. Septrin da Fansidar ba sa haɗuwa da shi ko kaɗan, hanya ɗaya suke toshewa a jiki, ga shi kuwa su ne ake miƙa wa mutum a kemis in ya ce tari ko zazzaɓi. Mai HIV da ke kan Septrin na kullum sai an duba wannan kafin a rubuta masa. Mai raunin ƙoda, ko mai ruwa a ciki ko a huhu, maganin na daɗewa a jikinsa, ba nasa ba ne. Selekoksib kuma a tambayi tarihin gyambon ciki da ciwon zuciya tukuna.

Sista Rifkatu: Kuma mai ciki ko mai shayarwa kar ta ɓare ƙwayoyin nan da hannunta. A juye su a murfin kwalba a miƙa masa, a wanke hannu, a ajiye inda yara ba sa kaiwa.